Ta Rabu da Kodin, Don Me Ake Gudunta?

'Yan'uwa cikin Almasihu da dattawan ikilisiyoyinmu na Doka, muna da magana mai ɗaci. Idan magidanci ya daina giya, a kan tsayar da shi gaban jama'a ya ba da shaida, a tafa masa. Amma idan uwa ce ta rabu da kodin ko tiramadol, sai a fara raɗa. A Zumuntar Mata a matsa daga bencin da ta zauna, a hana yara zuwa gidanta, a riƙa kiran 'ya'yanta da laifin da ta riga ta bari. Wannan ba horon ikilisiya ba ne, wulaƙanci ne.

Binciken da hukumar UNODC ta yi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 a Najeriya sun sha irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba. Cikin kowane huɗu masu shaye-shaye ɗaya mace ce, amma cikin ashirin da ke karɓar magani da ƙyar a sami mace ɗaya. Ina sauran? Suna ɓoye, saboda tsoron bakin mutane, da tsoron a raba su da 'ya'yansu.

Gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigowa da shi a watan Mayu 2018, amma doka ba ta warkar da jikin da ya saba. Mai dainawa takan sha ciwon gaɓoɓi, zufa, amai, zawo da rashin barci. Bayan ta daina kuma, jikinta ba ya iya ɗaukar yawan da ta saba sha, don haka in baƙin ciki ya mai da ita, sha ɗaya na iya kashe ta. Masu cewa sassauci zai lalata 'yanmatanmu su auna wannan. Abin da 'yanmatan ke koya daga tsangwama shi ne su yi shiru.

Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Barnawa, ƙetaren kogi kawai. Dattawa, ku ware kuɗin mota da na magani daga baikon taimako. Iyaye mata, ku raka ta, ku riƙe mata yara ran da za ta ga likita, ku kuma riƙe asirinta. Fastoci, ku tsawata wa masu gulma daga kan bagade.

Tun bayan rikicin 2000 mun ragu a wannan gefen kogi. Kowace uwa da aka kora, da 'ya'yanta take tafiya. Ubangiji ya ba mu zuciyar karɓarta. Amin.