Tsohon Da Bai Ji Kunyar Zama Almajiri Ba

Idan Bahaushe ya ce tafiya mabuɗin ilimi, ba hawa mota da sauka kawai yake nufi ba. Mutane da yawa sun zaga duniya sun dawo yadda suka fita. Wanda tafiya ke buɗe wa ƙofa shi ne wanda ya yarda ya zama almajiri duk inda ya sauka. Haka kakana na wajen uba ya rayu, Allah Ya jiƙansa.

Yana saurayi ya shiga soja lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1944 aka kai su Bama cikin Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka gwabza da Japanawa a dazukan Arakan. Bai cika ba mu labarin harbe-harbe ba. Abin da yake jin daɗin faɗa shi ne yadda ya liƙe wa wani Ba'indiye a barikinsu har ya koyi gyaran agogo.

Da aka sallame su, ya shiga fataucin goro, ya zauna a zangon Kumasi, ya iya harshen Ashanti kamar ɗan gari. Daga baya ya ɗaura niyyar aikin Hajji ta ƙasa: Maiduguri, Fort Lamy wadda a yau ake kira Njamena, Abeshe, El Fashir, El Obeid. Da guzuri ya ƙare, ya tsaya cirar auduga a gonakin Jazira, ya tara kuɗin jirgin ƙasa zuwa Port Sudan, ya tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda. Ya dawo da Larabcin Sudan a bakinsa, da lissafin taurarin da ake gane shigowar damina da su.

A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙin da ba su da takardun zama a Ghana. Ya baro Kumasi da akwati ɗaya. Yana dab da shekara hamsin, da furfura da sunan Alhaji, ya zama yaron shagon wani matashi mai gyaran rediyo a Kano. Aka yi ta tsegumi, bai kula ba. Da wannan sana'a ya ciyar da iyalinsa har ƙarshen rayuwarsa.

Wannan yawo ba kyauta aka yi shi ba. Kakarmu ce ta biya, domin ita ta riƙe yara shekara da shekaru da kuɗin ƙuli-ƙuli. Duk mai yabon matafiyi, ya tuna da wadda aka bari a gida.

Abin da ke damuna shi ne yadda wannan hali ke ƙaura daga cikinmu. A jami'a ina ganin ɗalibin da ba ya buɗe littafi sai an ce zai fito a jarrabawa. Ina ganin mai digiri yana zaman jiran aikin gwamnati shekara biyar, yana ganin ƙasƙanci ne ya tsuguna gaban kafinta ko mai haɗa wutar sola. Mu malamai ma da wuya ka ga ɗayanmu ya leƙa tsangayar da ba tasa ba. Mun mai da takardar shaida katanga, mun kulle kanmu a ciki.

Ranar da siyasa ta rushe kasuwancin kakana, ba abin da ya tara ne ya cece shi ba, sabo da koyo ne. Zamaninmu ma yana rushe sana'o'i ba tare da sallama ba. Mai jin kunyar tambaya, ya shirya jin kunyar roƙo.