Jarrabawa Da Kwamfuta: Ina Makomar Sharhin Wasan Kwaikwayo A Sakandare?

A cikin watan Afrilu na shekarar 2025 ne Ministan Ilmi na Tarayya, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar cewa Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, watau WAEC, da takwararta ta ƙasa, NECO, za su koma yin jarrabawar kammala sakandare da kwamfuta, a fara da tambayoyin canki-canka, sa'an nan a shekarar 2026 a haɗa har da waɗanda ake amsawa da dogon rubutu. Tun farkon 2024 WAEC ta riga ta gwada wannan tsari a kan masu zaman jarrabawa don kansu, inda suka amsa tambayoyin canki-canka a kwamfuta, dogon rubutu kuwa suka yi shi a takarda. A watan Nuwamba na 2025 Majalisar Wakilai ta nemi a jinkirta shirin har zuwa 2030, saboda makarantu da yawa, musamman na karkara, ba su da wutar lantarki, balle na'urori da masu koyar da su.

Duk muhawarar da aka yi ta tsaya ne a kan wuta da na'ura da kuɗi, kuma ba laifi, domin su ne a fili. To, amma akwai wata tambaya da ba a cika yi ba, ita ce: shi dogon rubutun da ake shawarar ko a yi shi da alƙalami ko a buga shi a kwamfuta, me ɗaliban suke rubutawa a cikinsa? Babu inda wannan tambaya ta fi tsanani kamar a fannin adabi, kuma a cikin adabin ma babu kamar wasan kwaikwayo, wanda ake nazarinsa a darasin Hausa da kuma darasin adabin Turanci.

Abin da ake so ga ɗalibin da ya kai ajin ƙarshe na sakandare shi ne a ba shi tambaya a kan wasan da aka zaɓa masa, ya yi sharhi. Sharhi kuwa ma'anarsa mutum ya tsayar da magana, ya ce ga yadda yake ganin al'amarin, ya kawo hujja daga cikin wasan, ya nuna yadda hujjar ta tallafi maganarsa. Abin da aka saba gani a takardun ɗalibai daban yake da wannan. Za a tambayi yaro ya nuna rawar da wani ɗan wasa ya taka wajen fito da jigo, sai ya ɗauko labarin tun daga fitowa ta farko ya bi shi tiryan-tiryan har ƙarshe, ya rufe da cewa wannan wasa yana koya wa jama'a su guji mugun hali. Ya cika shafi biyu, amma tambayar tana nan inda aka ajiye ta, ba a taɓa ta ba.

Ba a kan yaro laifin yake ba, domin abin da aka shuka shi ke tsira. A makarantu da dama littafin wasan ƙwaya ɗaya ne, yana hannun malami. Malamin zai karanta wani yanki, ko ya ba da labarinsa a taƙaice, sa'an nan ya juya ga allo ya rubuta jigo, da zubi da tsari, da salo, da sunayen 'yan wasa da halayensu, ɗalibai su kwafa su haddace. Idan jarrabawa ta gabato sai a koma ga 'yan ƙananan littattafan taƙaitawa da ake sayarwa a bakin makaranta da kasuwa, masu ɗauke da tsofaffin tambayoyi da amsoshinsu. Ta haka yaro yakan ci jarrabawa a kan wasan da bai taɓa karanta shi daga farko zuwa ƙarshe ba, balle ya ga an yi shi.

A nan ne aka yi babban kuskure, domin wasan kwaikwayo ba ƙagaggen labari ba ne da aka rubuta don a zauna a karanta a zuci. An rubuta shi ne don a yi shi, a ji da kunne, a gani da ido. Tarihin rubutaccen wasan Hausa kansa ya isa shaida. Wasanni shida da Dokta R. M. East ya fitar a shekarun 1930 don 'yan makaranta aka shirya su. Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni tun yana ɗalibi, aka kuma yi su a gaban jama'a. Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda ya fito a shekarun 1940, shi ma a makarantu ya yi tashe. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi kuwa, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, sai da mutane suka saurare su a rediyo kafin su zama littafi. Watau makaranta da gidan rediyo su ne suka reni wannan fanni, yana da murya da motsi. Yau an mayar da shi makarantar, amma bebe, an ɗaure shi a allo.

Alal misali, a ɗauki Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1979, aka kuma mayar da shi fim a farkon shekarun 1990. Labarinsa sananne ne: Alhaji Ruwan Ido, mai kuɗi, ya ruɗi Zulai 'yar makaranta da abin duniya, da taimakon yaronsa Kumatu, har ta juya wa saurayinta baya, daga bisani shi ma Alhajin ya juya mata nasa bayan. Ɗalibin da aka koya wa hadda zai ce jigon wasan shi ne gargaɗi ga 'yan mata a kan kwaɗayi, ya ajiye alƙalami. Alhali sunan littafin kansa tambaya ce da marubucin ya ajiye a bakin ƙofa. Karin maganar da aka gutsuro sunan daga cikinta cewa take yi kulɓa na ɓarna ana cewa jaba ce. To, wace ce kulɓar a cikin wasan, wace ce jabar? Idan Zulai ce ta kwashi kunya da asara, Alhaji kuwa dukiyarsa ta ba shi damar yin abin da ya ga dama, shin wasan 'yan mata yake yi wa faɗa, ko kuwa al'ummar da ke ɗora laifin a kansu su kaɗai? Ina matsayin Kumatu, wanda ba shi da kuɗin, amma ba don shi ba da kuɗin ba su sami hanya ba?

Malamin da ya san aikinsa ba zai amsa wa ɗalibai wannan tambaya ba. Zai zaɓi fitowa ɗaya, a ture bencina, a ba wannan Alhaji, a ba wancan Kumatu, a yi ta a gaban aji. Sa'an nan ya sa a sake yin ta, amma wannan karon mai fitowa a matsayin Zulai ta faɗi maganganunta da rawar jiki da ɗoki, wata kuma ta zo ta faɗi maganganun nan dai da ɗari-ɗari da sunkuyar da kai. Kalmomin ba su sake ba, amma hukuncin da aji zai yanke wa yarinyar ya sake. Daga nan ne yaro yake gane cewa abin da ke kan takarda rabin wasa ne, sauran rabin yana ga murya da tsayuwa da shiru da wanda ya shigo da wanda ya fita. Musu zai kaure, wasu su ce ita ta kai kanta, wasu su ce farautarta aka yi. Sai malami ya ce kowa ya ɗauki takarda ya rubuta matsayinsa a jimla ɗaya, ya nemo wurare biyu ko uku a cikin littafin da suka goyi bayansa, ya faɗi kashi da fitowar da suke, kuma ya kawo hujja ɗaya ta abokin hamayyarsa ya amsa ta. Abin da zai fito shi ne sharhi, ko da gajere ne, ko da akwai kurakuran rubutu a ciki.

Wannan mataki na ƙarshe, na kawo hujjar abokin hamayya, shi ne ya fi wuya, kuma shi ne ya fi amfani. Yaron da aka rena a kan cewa kowace tambaya amsarta ɗaya ce, tana kuma cikin littafin malami, yakan ji tsoron rubuta abin da ya saɓa wa ra'ayinsa, kada a ce ya rikice. Sai an nuna masa a aikace cewa maganar da ta jure wa suka ta fi wadda ba a taɓa jarraba ta ba.

Akwai kuma wani tarko da ya keɓanta ga wasannin Hausa. Kusan dukkansu faɗakarwa suke yi, saboda haka ɗalibi ya gano cewa in ya rubuta faɗakarwa ko gargaɗi a matsayin jigo ba zai faɗi ba, ko wane littafi aka tambaye shi. Amma amsar da ta dace da kowane littafi ba ta ce kome a kan ko ɗaya ba. Uwar Gulma na Mohammed Sada, wanda ya fito a 1968, labarin Hayatu ne da matarsa Halima, da shaye-shayensa da musgunawar da ta kai su gaban alƙali. Jatau Na Kyallu kuma labarin attajiri ne da ya auro macen da ta watsa masa gida da dukiya. Duka biyun a kan aure suke, duka biyun faɗakarwa ne, amma ɗaya ya ɗora nauyin ɓarnar a kan miji, ɗaya a kan mata, kuma kowannensu da dabarar da ya bi ya ja mai kallo zuwa ɓangarensa. A wasan Sada ma akwai ita Uwar Gulmar da kan fito tana tofa albarkacin bakinta a kan abin da ya wakana. Me ya sa marubucin ya ga yana bukatarta? Da an cire ta, me wasan zai rasa? Irin waɗannan tambayoyi ba a samun amsarsu a littafin taƙaitawa.

Kada kuma a ce yaran yanzu ba za su iya ba. Al'ummar da ta tashi da tashe da 'yankamanci, ta yi shekaru tana kallon Samanja da Karkuzu a talabijin, ba baƙuwar sharhi ba ce. Yaran nan da ke shiru a aji su ne za a ji a hanyar gida suna gardama a kan fim ɗin Hausa da suka kalla jiya, suna cewa wane bai dace da matsayin da aka ba shi ba, ƙarshen labarin kuma an yi gaggawarsa, suna kawo hujja daki-daki. Aikin malami shi ne ya shigo da wannan gardama cikin aji, ya ɗora ta a kan littafi, ya koya mata ladabin rubutu.

Gaskiya ne akwai cikas, kuma ba ƙarami ba. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare, amma a makarantun gwamnati na manyan garuruwa ana samun azuzuwan da suka wuce haka nesa ba kusa ba. Malamin da ke da irin waɗannan azuzuwa huɗu ko biyar, in ya ba da aikin dogon rubutu sau ɗaya, sai ya yi makonni bai gama dubawa ba. Shi ya sa da yawa suka daina bayarwa. Duk da haka ana iya rage nauyin. Sakin layi ɗaya mai magana ɗaya da hujja ɗaya, a kowane mako, ya fi shafi uku sau ɗaya a zango, kuma ana iya karanta uku ko huɗu a gaban aji a gyara su tare, kowa ya ƙaru. Shi kansa malamin kuma sai an duba yadda aka horar da shi, domin wanda ya fito daga kwalejin ilmi da hadda, hadda zai koyar.

Babban makami dai yana hannun hukumomin jarrabawa. Malami yana koyar da abin da ya san za a ba wa maki. Muddin mai duba takarda zai ƙirga abubuwan da ɗalibi ya lissafa ya ba shi maki a kan kowanne, ba tare da la'akari da ko ya tsayar da magana ya kare ta ba, to, masu buga littattafan taƙaitawa ne za su ci gaba da cin kasuwa. Abin fargaba game da komawa ga kwamfuta shi ne, tambayar canki-canka na'ura ce ke duba ta cikin ƙiftawar ido, dogon rubutu kuwa sai an biya mutum ya zauna ya karanta. Hukumar JAMB, wadda ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, canki-canka zalla take yi. Idan kuɗi suka yi ƙaranci, ba sai an faɗi wanda za a fara ragewa ba.

Lamarin ya ƙara nauyi ga darasin Hausa musamman, domin a watan Nuwamba na 2025 Gwamnatin Tarayya ta janye manufar 2022 ta koyar da yaran firamare da harshen uwa, ta mayar da Turanci harshen koyarwa a dukkan matakai. Wannan bai soke Hausa a matsayin darasi ba, amma ya bar darasin shi kaɗai a matsayin wurin da yaro zai koyi jera hujja a rubuce da harshen da yake tunani da shi.

Sa'an nan ga wata matsala wadda masu tsara shirin ya kamata su warware tun kafin a zaunar da yaro gaban na'ura. Allon bugawa na kwamfutocin da ke cibiyoyin jarrabawa na Turanci ne, babu haruffa masu lanƙwasa a kansa sai an yi masa shiri na musamman. Ɗalibin da aka ce ya buga sharhi a kan Kulɓa Na Ɓarna, tun daga sunan littafin zai fara cin karo da su, kuma ƙa'idojin rubutu suna cikin abubuwan da ake koya masa a darasin, ake kuma jarraba shi a kansu.