Tablet ɗin da ba ya jin Hausa

Kowane taro sai mu ji an ce za a kai tablet lakwal, wai yaran Nijar su shiga zamani. To madalla. Ni dai tambayata guda ce, ƴan uwa ɗalibai: da wane harshe na'urar za ta yi wa yaro magana?

Ƙanena yana ajin CI. Allonsa cike da Faransanci, ya kwafe tsaf, amma ko kalma guda bai san ma'anarta ba. In ka miƙa masa tablet mai Faransanci, me ka sake? Haddar ce dai, sai dai yanzu tana cin batir. Ban ma taɓo zancen wuta a ajin zana ba.

Tun 1973 aka fara gwada karantarwa da harsunan gida a ƙasar nan, har yau ba mu wuce gwaji ba. Ku dubi madannin AZERTY da muke bugawa: ga é, ga ç, amma ina ɓ, ɗ, ƙ, ƴ? Yaro ya nufi “ƙasa”, sai ya buga “kasa”!

Kafin a sayo kwali guda, a sa haruffanmu da darussa cikin Hausa, Zarma, Fulfulde da sauransu, a horar da malamai. Mu ƴan sashen harsuna muna nan, ba wanda ya tambaye mu.