Turancin Wa Muke Kwaikwayo?

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu a jami'a. Da zarar mutum ya buɗe baki da Turanci, sai a auna shi da karin harshensa tun kafin a ji abin da ya zo da shi. Bahaushe ya musanya "p" da "f", sai zaure ya kaure da dariya.

To, su masu harshen fa? A shekarar 1962 William Labov ya zaga manyan kantuna uku na birnin Niyok, yana tambayar ma'aikata kayan da ya riga ya san suna hawa na huɗu, don ya ji lafazinsu. Ya tarar ma'aikatan Saks, kantin attajirai, sun fi furta "r" a ƙarshen gaɓa, na S. Klein kuwa, kantin masu ƙaramin ƙarfi, sun fi haɗiye ta. A Ingila lamarin a juye yake: Turancin manya shi ne mai haɗiye wannan "r", mai furta ta kuma kallon baƙauye ake yi masa. Ashe darajar tana ga matsayin mai maganar.

Shi karin BBC ɗin da muke murɗa harshe don kwaikwayonsa, Peter Trudgill ya ƙiyasta masu yinsa ba su wuce kashi 3 cikin ɗari na mutanen Birtaniya ba. Saura 97, su ma dariya za mu yi musu? Wanda ke son ya ƙure abokin muhawara, sai ya kama hujjarsa, ya ƙyale masa "f" ɗinsa.