Kada A Bar Allo Da Kasuwa A Baya

 Ya ku malamai da attajiran Jihar Kano, ga magana wadda ta shafi 'ya'yanku da almajiranku.

Kun tuna farkon shekarar 2023, sa'ad da aka sake takardun naira, kuɗi suka ɓuya, ciniki ya gagara a Kurmi da Kantin Kwari da Dawanau sai ga wanda ya iya karɓar kuɗi ta waya. Dattijon da ya tsufa cikin fatauci ya koma miƙa wa yaro wayarsa a duba masa, waɗansu kuwa mazambata suka nuna musu saƙon ƙarya suka kwashe haja. Wannan ishara ce ga mai hankali. Ciniki ya koma kan na'ura, kamar yadda ya sauka daga bayan jaki da raƙumi ya hau jirgin ƙasa a 1912. Waɗanda suka farga a wancan zamani, irin su Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya taso daga makarantar allo, su suka riƙe cinikin gyaɗa.

Hukuma ta yi yunƙuri, ba mu musa ba. An wajabta darasin kasuwanci a jami'o'in Nijeriya, a 2022 kuma aka yi dokar taimakon sababbin kamfanonin fasaha. Ga Jami'ar Bayero, ga ta kimiyya da fasaha a Wudil. Amma fa alherin nan da Turanci yake tafe, mabuɗinsa kuwa takardar shaida. Gardin da ya rubuta Alƙur'ani da ka ana lissafa shi cikin marasa ilmi, yaron shago wanda ya san farashin kowane yadi ba shi da wurin zama a ajin. To, ina amfanin rijiya in mai ƙishirwa ba shi da guga?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hukumar jiha da ƙananan hukumominta 44 su buɗe ajin dare kusa da kasuwanni da tsangayu, su sa wutar hasken rana. Jami'o'i su aiko ɗalibansu su koyar da lissafin riba da faɗuwa, da ajiye littafin shago a kwamfuta, da tallar haja ta intanet, da gyaran waya, duka cikin Hausa, a rubuce da ajami da boko. Attajirai su karɓi waɗanda suka gama, su ba su jari bisa ƙiradi, watau mai dukiya ya bayar, mai aiki ya juya, a raba riba, ba kuɗin ruwa. Bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, ya nuna ana iya haka.

Malamai kuwa nasu ya fi nauyi. Sayyidina Umar ya hana wanda bai san fiƙihu ba sayarwa a kasuwa. Yau ana sayen abin da hotonsa kaɗai aka gani, ana biya ba a taɓa kuɗi ba. Wa zai bayyana halal da haram a cikin wannan in malami bai san yadda ake yinsa ba?

Wani zai ce wannan zai shagaltar da yara ga barin karatu. Lalle tsoron yana da dalili, sai dai yunwa da bara sun fi sana'a cinye lokacin almajiri. Malamanmu na dā maɗinka ne, marina ne, fatake ne, ilminsu bai ragu ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma, cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina, ya hori shugaba da kula da masu sana'a.

Saboda haka kada ku zauna jiran gayyata. Shugabannin kasuwa da alarammomi su haɗa kai, su je ga hukuma da jami'a, su nemi a shirya abin nan tare da su tun daga tushe. Allah Ya sa albarka cikin nemanmu, Ya tsare mu da haram, amin. Haza wasalam.