Huntun Babur ɗan Italiya a Titin Garwa

Wata uku ke nan ƙanena bai bar mu mun sha shayin yamma cikin kwanciyar hankali ba. Da an zauna a ƙofar gida a Yalwa, sai ya zaro waya ya buɗe mana hoton wani jan babur, ya ce wai mu duba mu ga ikon Allah. Sunansa Ducati Monster, ana ƙera shi a Bolonya ta ƙasar Italiya. Irin baburan nan ne da masu su ke kira huntaye, domin ba a rufe musu jiki da roba ba, inji da ƙarafa duk suna waje kowa na gani. Ya ce ya gama shawara, zai sayar da rabonsa na filin da mahaifinmu ya bari a hanyar Pitowa, ya haɗa da abin da ya tara a cinikin waya, ya sa a kawo masa shi. Na faɗa masa a gida, zan kuma maimaita a nan saboda na san ba shi kaɗai ne wannan zazzaɓi ya kama ba: sayen wannan babur a Garwa kuskure ne, kuma ina da hujja.

Zan fara da ba babur ɗin haƙƙinsa. Ba ƙarya ƙanena ya yi ba da ya ce abin yana da kyau. Tun 1993 da aka fara fito da shi, da zanen wani mutum mai suna Miguel Galluzzi, shi ya riƙe kamfanin Ducati a lokacin da kasuwa ta yi masa nauyi. Samfurin da ya fito a 2021 injinsa sisi 937 ne, ƙarfin doki 111, gudunsa ya haura kilomita 200 a awa. Wanda ya san inji dole ya yaba. Abin da nake ja a kai shi ne ƙasar da za a ajiye shi. Babur yana rayuwa ne da abubuwa huɗu, wato mai, bakanike, kayan gyara da hanya. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya a garin nan namu.

Amma kafin nan ga kuɗi. A Turai farashin sabonsa ya wuce Yuro 11,000. Yuro ɗaya sefa 656 ne, to lissafi ya kai miliyan 7 da dubu 200 tun babur bai bar shago ba. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin Kamaru ta yanka a 2023 ga ma'aikatan kamfanoni sefa 60,000 ne a wata. Ka ga ke nan kuɗin shekara 10 cif na ma'aikaci, ba ci ba sha. Ba a sa kuɗin jirgin ruwa zuwa Duwala ba, ba a sa na 'yan duwan ba, ba a sa na ɗauko shi daga Duwala zuwa Gaundare, daga can kuma a hawo da shi Garwa ba. Wanda ya taɓa fitar da ko tsohuwar mota daga tashar jirgin ruwa ya san wannan kashi na biyu ba wasa ba ne. In kuma aka ce na hannu za a saya don sauƙi, to an sayo ciwon da wani Bature ya gaji da jinyarsa.

Sai mai. Injin nan matsatse ne, kamfanin ya ce a ba shi fetur mai tsabta mai lamba 95. Babu kafireta a jikinsa da yaro zai kwance ya wanke ya hura da baki, kwamfuta ce ke auna mai tana fesawa ta ƙananan ƙofofi. Mu kuwa duk mun san abin da yawancin baburan Garwa ke sha: zuwa-zuwa, man kwalba da jarka da ake tsallakowa da shi daga Najeriya, wanda ya sha rana da ƙura a bakin titi. Boxer tana shanye shi ta yi gyatsa ta wuce. Ɗan Italiya in ya sha sau uku, famfon mai ne zai fara kuka. Za a ce ai akwai gidajen mai. Akwai, kuma tun watan Fabrairun 2024 lita sefa 840 ce. Tankinsa lita 14 ne, cika ɗaya ta kusa 12,000. Sannan in ka fita gari ka nufi Lagdo ko Gidar, ka ga allurar mai ta kwanta, mai kwalba za ka tarar a ƙarƙashin bishiya, shi ma farashinsa ya tashi tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023.

Sai bakanike. Ina girmama masu gyaran babur na garin nan. Da sukundireba da sifana biyu mutum zai kwance injin Haojue da hantsi, kafin la'asar ya ɗaure ya ba ka. Amma Ducati yana da wani tsari na buɗe bawul da rufe shi da ake kira desmo, wanda ba ya dogara da sifirin irin na sauran babura. Saita shi sai da ma'auni na musamman da wanda ya koya, kuma kamfanin ya ce a yi hakan duk kilomita 30,000. In fitilar gargaɗi ta kama a allon gaba, sai an jona masa kwamfutar kamfanin kafin a san me ke damunsa. Babu shagon Ducati a Garwa, babu a Marwa, babu a Gaundare. Na tambayi ƙanena wa zai taɓa masa shi, ya ce ai akwai bidiyo a YouTube. Babur na miliyan 10, da bidiyo.

Kayan gyara kuwa, kowa ya san dalilin da ya sa Boxer da TVS da baburan Sin suka cika arewacin Kamaru. Daga fulogi har fistin akwai su a babbar kasuwa, in babu yau, jibi sun iso daga Yola ko Mubi. Tayar bayan Monster faɗinta milimita 180, robarta mai laushi ce don ta kama kwalta mai santsi, kuma ba ta daɗewa. Ranar da ƙusa ta tsaga ta, ko rami ya lanƙwasa ƙafar, sai oda daga Turai, sai jira. Na san wani babban babur da ya yi shekara biyu a zauren wani gida an lulluɓe shi da tsohon zane, kaji na kwana a ƙarƙashinsa, saboda wani ƙarfe da bai kai tafin hannu ba.

Ta huɗu ita ce hanya, kuma a nan ne maganar ta tashi daga kuɗi ta koma rai. Gaskiya ne an gyara wasu titunan cikin gari lokacin gasar cin kofin Afirka ta watan Janairun 2022, musamman wajen filin wasa na Rumde Ajiya. To daga nan fa? Titin minti biyar ne, cike da 'yan kilando, da amalanke, da yaran makaranta, da tumakin da ba su san ƙaho ba. In ka ce za ka fita babbar hanya, ka tuna Garwa zuwa Gaundare kusan kilomita 280 ne na ramuka da manyan motocin auduga da na kaya, ga gangaren dutsen Mbe, ga garken shanu da ke ratsa titi ba sallama. Ina za a saki doki 111 a nan? Wanda ya riƙe shi a kan kilomita 50 ya yi asarar kuɗinsa, wanda ya sake shi kuma ya sa mahaifiyarsa a zullumi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce a gaba. Ƙara da zafi. A watan Maris da Afrilu Garwa na haura digiri 40. Wannan inji yana dafa cinyar mai shi ko a Turai in an tsaya a cunkoso, kuma hawansa na gaskiya sai da hular kwano mai rufe fuska, da rigar fata, da safar hannu, da takalmi mai tsawo. Wa zai sa wannan da azahar a Garwa? Babu. Da jallabiya da silifa za a hau, mun sani.

Yanzu ga amsoshin da ake ba ni. Na farko, kuɗina ne. Haka ne, ba wanda ya ce haram ne. Amma fili na gado kuɗi ne da ke ƙaruwa yana kwance, babur kuwa tun ranar da aka buɗe kwalinsa yake raguwa. Ranar da kake son sayarwa, mutum nawa ne daga Kusiri zuwa Gaundare za su taya? Na biyu, wai ni tsoho ne, ban san sha'awa ba. Na san ta. Ni ma ina saurayi na ci bashi na sayi agogon da na kasa sa wa batir. Na uku shi ne wanda ya fi ƙarfi, kuma ƙanena ne ya kawo shi: ya ce dawakin da ake hawa ranar salla a ƙofar fadar Lamiɗo su ma ai ado ne, ba noma suke yi ba, me ya sa ban taɓa zaginsu ba? Tambaya ce mai kyau. Amsata ita ce doki ɗan gida ne. Akwai mai yanko masa ciyawa a bakin Binuwai, akwai dawa da kanwa a kasuwa, akwai baduku mai ɗinka sirdi, akwai maƙeri mai linzami, akwai tsohon da zai dubi tafiyarsa ya faɗa maka ciwonsa. Kuɗin da mai doki ya kashe a cikin unguwa suke zagayawa. Na mai Ducati kuwa duk sisi jirgi yake hawa ya tafi Bolonya.

Da na matsa masa da tambaya wani dare, sai gaskiya ta fito. Ya ce yana so ne in ya wuce ta gaban majalisa a ɗaga kai. To za a ɗaga, mako biyu. Bayan nan za a saba da ƙarar, sai a fara cewa ga mai damun mutane nan ya zo. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kwaɗayin idon mutane kuma ya fi kowane tsada domin ba ya ƙoshi.

Ban ce kada saurayi ya ji daɗin ƙuruciyarsa ba. In hawa kake so, akwai babura masu sisi 150 zuwa 250, masu dogayen ƙafafu, da za su kai ka Lagdo cin kifi su dawo da kai, kowane bakanike ya san cikinsu. Sayi ɗaya, sayi hular kwano ta gaske, ka koyi taka birki kafin ka koyi murɗa totur. Ragowar kuɗin ka zuba a shago. Filin hanyar Pitowa kuma ka bar shi inda Baba ya bar shi. Na riga na gaya wa Inna cewa in aka kawo takardar sayarwa, ni ba zan sa hannu a matsayin shaida ba, ko da zai yi shekara ba ya gaishe ni.