Sulhu Kafin Baiko

Ranar Lahadi za mu yi godiyar kaka a coci. Tun zaɓen 2023 ba ma ga maciji da yayana, wai a kan gardamar siyasa a WhatsApp. Da Mama ta kwanta asibiti, ɗan takarata bai ma san ina yi ba. Yaya ne ya sayar da masararsa, abokai suka cika sauran kuɗin. Na gode wa Allah dominsu.

Matiyu 5:23-24 ta sa sulhu gaba da baiko. Jiya na je na ce, "Yaya, ka gafarta mini."

Godiya a baki, gaba a zuciya, ni dai ban ga amfaninta ba. Da wa kake gaba? Kira shi yau.